Audugar kanti ko ta ɗinki?

Malamar Bunza: Assalamu alaikum. Kuɗin adashin sun shigo hannu. Mu sayi audugar mata ta kanti mu raba wa ɗalibai, ko mu ba tela ta ɗinka wadda ake wankewa? Yau ma kujeru uku babu kowa a ajina, kuma na san dalili.

Maman Hanifa: Ta ɗinki, Malama. Ta kanti wata ɗaya ta ƙare, wa zai saya musu ta gaba?

Hajiya Argungu: Ku tsaya in faɗa muku abin da ya same mu bara. Ta ɗinki muka raba, har da ɗaukar hoto. Ashe yaran nan kunya ba ta barinsu su shanya ta a igiya, inda baba da yayye maza ke wucewa. Ɗiyar ƙanwata ƙarƙashin katifa take turawa da danshinta, ga damina. Sai da ƙaiƙayi ya hana ta zama muka sani, har asibiti muka je. Abin da ya fi ƙona min rai, da yawansu ko kamfai ba su da shi. A ina za su maƙala ta? Suka koma ƙunzugun tsumma. In za ku raba, ku haɗa da kamfai biyu da sabulu, a nuna musu shanya a rana, ko da an rufa mata ɗankwali.

Maman Hanifa: Wallahi ban taɓa tunanin kamfai ba.

Nas ɗin Jega: Kowace iri ce, kar ta wuce awa shida a jiki. To a ina yarinya za ta canza, masai ba ƙyaure, ba buta?

Malamar Bunza: Mu AGILE, shirin tallafa wa karatun 'yan mata, ta gyara mana bayi, ruwa ne babu. Famfon ya lalace.

Baban Sadik: Anya wannan magana ta zauren da maza ke ciki ce?

Hajiya Argungu: Malam, babin haila na cikin Ahalari, kuma maza ke karantar da shi. Kuɗin sabulun ma aljihunku za su fito.

Baban Sadik: Na ji, Hajiya. Ku sa ni katan ɗaya na sabulu, a bar ni in sha iska.

Anti Yauri: Wai tun 2020 aka cire harajin VAT a kan audugar da ake yi a Najeriya, amma kullum kuɗinta hawa yake.

Nas ɗin Jega: Anti, kuɗin mota zuwa ƙauye fa? Ku ajiye ta kanti kaɗan a ofishin malama mace, don wadda abin ya zo wa tana aji. Ranar 28 ga Mayu kuma, ranar tsaftar haila ta duniya, mu tara iyaye mata.

Maman Hanifa: Mayu ta yi nisa. Wa ya san mai gyaran famfo a Bunza?