Musayar Waƙa a Kan Bom ɗin Hiroshima da Nagasaki

Na Zazzau:
Assalamu alaikum. Na buɗe musaya a kan makamin ƙare-dangi, tun daga binciken da aka yi a Jamus a ƙarshen 1938 har zuwa gwajin 1945, kuma amsa-amonmu "ta" ne.

Otto Hahn da abokin bincikensa,
Sun tsaga ƙwayar zarra, sirri ya fita.

Masana suka ji tsoron Hitila,
Kada ya riga kowa kunna wannan wuta.

Einstein ya sa hannu kan wasiƙa,
Roosevelt ya karɓa, aka zauna aka karanta.

A Los Alamos, Oppenheimer da jama'arsa,
Dare da rana babu mai iya huta.

Sha shida ga Yuli suka gwada wutar nan,
Rairayin hamada ya narke don zafinta.

Jikan Ɗan Bama:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka tsaya a ɗakin bincike, ni kuwa zan shiga daji.

Na Zazzau, ka jera masana ka gaji,
Sojanmu na dajin Bama ka manta.

Kakana yana cikin runduna ta tamanin da biyu,
Damina na duka, zazzaɓi na cuta.

Ba don bom ya sauka can a Japan ba,
Mutum nawa zai dawo ga iyaye da mata?

Sarki Hirohito bai yarda ya miƙa wuya ba,
Sai da ya ga biyu cikin watan Agusta.

Uwar Marayu:
Allah ya jiƙan kakanka, ɗana, amma tunda ka ambaci mata, dole ka saurari amsar mace.

Ka ce mata, to su wa ke Hiroshima,
Ran Litinin da safe, takwas da kwata?

'Yan makaranta an fito da su aiki,
Suka nufi kogi, jikinsu ba fata.

Wani na zaune kan matakalar banki,
Ya tafi, inuwarsa dutse ya riƙe ta.

Wanda ya tsira baƙin ruwa ya same shi,
Gashi ya zube, jini ya gurɓata.

Kafin ƙarshen 1945 mutum kusan 140,000 ne suka mutu a Hiroshima, sama da 70,000 kuma a Nagasaki, kuma mafi yawansu ba su taɓa riƙe bindiga ba.

Ɗalibin Aruli:
Ina neman afuwar manya. Ɗangon Jikan Ɗan Bama mai ɗauke da "runduna ta tamanin da biyu" ya zarce 'yan'uwansa da gaɓoɓi da yawa, har karin ya karye. Hajiya kuma ta rufe baiti da "riƙe ta", alhali wannan "ta" kalma ce mai zaman kanta, ba ƙarshen kalma ba kamar na "wuta" da "fata".

Bamaraɗiya:
Kunne ne alƙalin amsa-amo, Malam, kuma kunne ya karɓa. Baitin inuwar nan shi ne mafi nauyi da aka rubuta a nan yau, duk wanda ya taɓa shi son kai ne ya motsa shi.

Jikan Ɗan Bama:
Ɗalibi, sunan rundunar da ta yi yaƙi a yankin Arakan na ƙasar Bama ba zan gutsure shi don ya shiga ma'auninka ba. Hajiya, ga amsarki cikin ladabi, a kan kisan gillar da sojan Japan suka yi a birnin Nanjin na ƙasar Sin, da gargaɗin da ƙasashen ƙawance suka yi wa Japan daga taron Fotsdam.

Kin yi kukan Hiroshima, kin yi daidai,
Kukan Nanjin fa, wa zai rubuta?

A Fotsdam an yi musu gargaɗi sarai,
Shugabanninsu suka ƙi, suka yi kunnen ƙashi da ita.

Ɗalibin Aruli:
Wannan ɗango na ƙarshe ya fi na ɗazu ɗingishi.

Bamaraɗiya:
Ana maganar rayuka kana ƙirga gaɓoɓi, Malam, ka bari a gama.

Uwar Marayu:
Laifin soja ba ya hawa kan jariri,
Wace shari'a ce ta halatta?

Nagasaki ma ba ita aka nufa ba,
Birnin Kokura ya lulluɓe da hazo, aka juya kanta.

Kwana uku kacal tsakanin biyun nan,
Wa ya ba su lokacin tunani da shawarta?

Na Zazzau:
Na makara, na tarar da amsoshi sun taru. Ɗana Jikan Ɗan Bama, hujjarka ita ce wadda Truman, shugaban Amurka na lokacin, ya riƙe, cewa bom ya hana mamayar da za ta ci rayuka masu yawa, sai dai masana tarihi ba su haɗu a kanta ba, domin Tarayyar Sobiyat ta shelanta yaƙi a kan Japan ranar 8 ga Agusta, kuma wasunsu na ganin hakan ya girgiza shugabannin Tokiyo kamar yadda bom ɗin ya yi. Szilard da zan ambata kuwa masani ne da ya jagoranci takardar roƙon Truman kada a jefa bom ɗin kafin a ba Japan damar miƙa wuya.

Don tsoron Jamus aka ƙera makamin,
Tun watan Mayu Jamus ta kwanta.

Szilard da masana saba'in sun roƙa,
Takardarsu ba ta tsai da jirgin ba ko ta jinkirta.

Yuraniyom mai yawa daga Kwango ya fito,
Masu haƙar Shinkolobwe wa ya ambata?

Hajiya, ina tare da ke a kan Nagasaki. Ɗalibi, baitin Szilard ya yi tsawo, ka auna shi ka kawo gyara a waƙe.