Wasan daɓe bayan sallah: yaya za a yi na baya su ji magana?

Sakataren Ƙungiya:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu na shirin wasan daɓe a zauren taro na unguwa, mako uku bayan sallah. Zauren na cin mutum kamar 200, rufin kwano ne ba silin, dandamalin kuma faɗinsa mita 6. 'Yan wasa 9 ne, fitowa 7. Muna da lasifika biyu, ƙaramar mikisa (na'urar haɗa sauti da daidaita shi), makirufo mara waya guda biyu, da janareta. Fargabarmu kada na baya su tashi ba su ji komai ba. Me za mu yi haya, me za mu bari?

Mai Sauti:
Wa alaikumus salam. Malam, matsalarku kwanon nan ne. Sauti yana dukan rufi da bangon baya ya dawo, magana ta cakuɗe, kuma duk ƙara murya da ka yi a mikisa ƙara cakuɗewar kake yi. Ku ɗora lasifikun a kan ƙafa, tsayin mita 2, a gaban bakin dandamali hagu da dama, ku ɗan sunkuyar da su su kalli mutane. In lasifika ta koma bayan makirufo, ƙarar nan mai tsaga kunne za ta tashi, don makirufon yana sake ɗaukar abin da ta fitar. Ku rage bes, wato kaurin sauti, sosai, magana ba ta buƙatarsa. Bangon baya kuma a rataya masa barguna ko darduma masu kauri.

Makirufo biyu ga mutum 9 ba ya yi, kuma miƙa shi hannu zuwa hannu yana kashe wasa. Ku yi hayar na ratayawa guda uku, tazarar mita 2 tsakaninsu, a sauko da su kamar rabin mita sama da kan mafi tsayin 'yan wasan. Irin waɗannan suna son wutar 48V daga mikisa, sai ku duba ko taku tana da maɓallin. Janareta a kai shi nesa, mita 20 ko fiye, salansa ta juya wa zaure baya.

Uwar Daɓe:
Duk abin da Mai Sauti ya faɗa daidai ne, amma ni ban ga mutum 200 da za su gagari muryar ɗan wasa ba, in an horar da shi. Ku dubi gidan wasan nan na ginin laka na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda aka gina tun 1976: an tsara shi ne yadda masu kallo ke kusa da 'yan wasa, murya ta isa. Ku ma ku matso da kujeru, layin farko kada ya wuce mita 2 daga dandamali, ku lanƙwasa layukan kamar rabin da'ira.

A kowane gwaji a zaunar da mutum a kujerar ƙarshe, wanda bai san labarin ba. Duk kalmar da ta ɓace masa ya ɗaga hannu, a maimaita layin. Yawanci ƙarshen jimla ake haɗiyewa, saboda numfashi ya ƙare. Kada kowa ya yi magana ya ba jama'a baya. In an fashe da dariya, ɗan wasa ya dakata har ta lafa, in ba haka ba layin da ke biye ya tafi a banza, kuma sau da yawa shi ne mai ɗauke da saƙon.

Sai lokaci. In bayan La'asar za ku fara, wasan kada ya wuce minti 75, don da an kira Magariba zaure zai watse ko kun kai ƙarshe ko ba ku kai ba. Fitowa 7 na nufin sauyin kayan dandamali sau 6. Kowanne ya tsaya ƙasa da minti ɗaya: tabarma, kujera, buta sun isa nuna tsakar gida.

Baba Mai Fitila:
Ku lissafa nauyin wuta kafin ranar. Janareta mai 3.5kVA abin da zai ba ku bai wuce wat 2,800 ba, kuma ba a so a cika shi. Tsofaffin fitilun halojin huɗu masu wat 500 sun cinye 2,000 ke nan, ga zafi. Ku nemi na LED. A haska daga gaba, hagu da dama, daga sama a karkace. Fitilar da ke tsakar ka tana zuba inuwa a ido. Wayar sauti kada ta kwanta tare da ta wuta, gurnani take jawowa. Ku sanar da mai unguwa da 'yan sanda a rubuce, in kuma a Kano kuke, ku leƙa Hukumar Tace Fina-finai tun da wuri ku ji abin da take buƙata.

Sakataren Ƙungiya:
Allah ya saka da alheri. Na duba, mikisarmu ba ta da 48V ɗin.

Mai Sauti:
To ku haɗa da mikisa a hayar, ko ku nemi ɗan akwatin da ke ba da wutar shi kaɗai. Marasa wayan biyu ku bar wa mai gabatarwa da mai waƙa, da sabon batirin alkalin a ranar, don na arha yakan mutu a tsakiyar wasa.