Katin girafik ya sauka x8 bayan na ƙara SSD, a taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Na haɗa sabon inji nan Nima a Accra, madabod (babban allon da ake haɗa komai a kai) mai soket AM5 da DDR5, ramukan M.2 (inda ake saka faifan ajiya na SSD) har huɗu. Tunda na saka SSD na biyu sai BIOS (shafin saitin madabod) ke nuna katin girafik yana tafiya a x8 maimakon x16 (wato layi takwas na aika bayanai maimakon sha shida), kuma tsohon faifaina na SATA ya ɓace kwata-kwata. Wani mai gyara a Circle ya ce wai ramukan suna raba layin PCIe (hanyar da katin girafik da SSD ke aika bayanai) ne, to in haka ne wane rami ke bi ta cifset (ƙaramin cif na madabod), ba ta layin katin girafik ba? Editin bidiyon biki nake yi, x8 ɗin zai rage min gudu ko in ƙyale shi? Don Allah, aikin mutane na jira.