Inji tu-sitirok (mai haɗa fetur da baƙin mai) ko fo-sitirok (mai baƙin mai daban), wanne zan ɗaura wa jirgina na ruwa?

Ɗan Yauri: Salam jama'a. Yamaha ɗina mai doki 40 ta fara gajiya, ina son canji kafin ruwa ya cika. Wani ya ce min wai duk mai sayen tu-sitirok yanzu kuɗinsa kawai yake zubawa a kogi. Gaskiya ne ko cika baki?

Na Malale: Wlh gaskiya ya faɗa maka. Tunda aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 lissafi ya canza, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Shi tu wani kason man ko ƙonewa ba ya yi, fita yake tare da hayaƙi, ka tsaya a mashiga da sassafe ka kalli ruwan bayan injin za ka ga maiƙo yana ƙyalli kala-kala, to kuɗinka ne ke iyo. Ga baƙin mai, duk tankin lita 25 sai ka zuba rabin lita. Fo kuwa juye kawai za ka yi bayan awa 100.

Oga Bakanike: Hmm, kun iya lissafin mai amma ba kwa lissafin ranar lalacewa. Enduro 40, wato tu ɗin Yamaha, ko a gindin bishiya zan kwance ta, in wanke kafireta, in canja fulogi ko ringi, kafin la'asar ta koma ruwa. Fo akwai bawul, akwai bel, akwai filta, sababbin ma da injekta suke zuwa, ka ɗura musu man 'yan bumburutu mai ruwa da datti sau biyu ka ga ikon Allah.

Na Malale: Oga haka kuka ce lokacin da mashin Boxer mai injin fo ta shigo, wai ba za ta kai Jincheng mai injin tu ba. Yau ɗan acaɓa nawa ne ke haɗa fetur da baƙin mai?

Oga Bakanike: Ai Boxer ta ci kasuwa ne don kayan gyaranta sun cika kowane lungu. Kuma mashin in ya mutu sauka za ka yi ka tura. Jirgi fa? Ya mutu maka a tsakiyar Kainji da buhunan albasa da mata da yara, iska ta taso, sai ka tura mu gani.

Baba Masunci: Yarana ku bar ni in sa baki. Ni ƙaramin tu mai doki 15 gare ni, kullum da magariba cire shi nake in kai gida saboda ɓarayi. Kilo 36 ne, ɗana shi kaɗai yake saɓawa a kafaɗa. Fo mai ƙarfi ɗaya da shi ya kai 50, kuma ba a kwantar da shi yadda aka ga dama, ka kwantar ta ɓarin da ba daidai ba baƙin mai ya gangara cikin silinda, da asuba ka yi ta jan igiya har hannu ya yi kanta.

Na Malale: Baba naka daban, daga gaɓa zuwa wurin taru minti nawa ne? Shi Ɗan Yauri haya yake yi, wuni injin ke aiki, a nan bambancin mai yake fitowa. Ga ƙara da hayaƙi, mai fo hira yake da fasinja, mu sai ihu.

Ɗan Yauri: To ni ba na cire nawa, maigadi gare mu a mashiga. Abin da ke tsaya min a rai kuɗin sayen ne, fo ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Oga Bakanike: Kafin ka biya ka zagaya kasuwa ka nemi filtar mai da bel ɗinsa, in ka samu a Yauri ba sai an aika Onitsha ko Legas ba, ni da kaina zan ɗaura maka.

Na Malale: Kai dai ka ce ba ka iya gyaransa ba kawai 😂

Oga Bakanike: Kawo naka in gwada a kai, ai na san har yanzu Enduro kake ja.