Karar shanun Liyon da ta koma zauren waƙa

Ɗan Fawa:
Salamu alaikum 'yan uwa, yau zancen ƙaton ginin nan ne na Liyon a Faransa, Halle Tony Garnier, da can kara ce yanzu mawaƙa ke cika ta, abin na taɓa ni wlh, mai baiti ya shigo.

Magajin gari Herriot ne ya ba da aiki,
Garnier ya zana, aka gina don 'yan fawa.
Tsawo mita 210, faɗi kuma 80,
ba ginshiƙi a tsakiya, ƙarfe ke riƙewa.
Don garke ya wuce ba mai tare masa hanya,
dillali na ciniki, mahauci na dubawa.
Yau an kafa fitilu ana kiɗa da shewa,
wa ke tuna mai jini a riga cikin masu rawa?

Yaya Babba:
Ƙanena ka yi tsallake fa, ai ba shanu ne suka fara shiga ba, tsaya ka ji.

A 1914 da baje koli aka buɗe ta,
baƙi suka cika Liyon ana ta yabawa.
Shekarar ba ta ƙare ba yaƙin duniya ya ɓarke,
aka mai da ita maƙerar harsasan igwa.
Mata suka tsaya kan injina dare da rana,
maza na bakin daga, wasu ba dawowa.
Sai 1928 shanu suka samu ɗakinsu,
in za ka yi kuka, sa matan a lissafawa.

Mai Garaya:
Yaya Allah ya ƙara basira, gaskiya baitin igwar nan ya ratsa ni. Amma Malam Ɗan Fawa ni ban yarda mawaƙa sun yi ƙwace ba, sun tarar da wurin a kulle ne ciniki ya riga ya tashi.

Da kasuwa ta watse aka kawo masu rusau,
mayankar da ke gefe ta sha rushewa.
A 1975 hukuma ta sa hannu,
ta ce wannan kayan tarihi ne, ba a taɓawa.
Amma takarda ba ta hana rufi yin tsatsa,
ginin da ba mai shiga shi ke lalacewa.
1988 aka gyara aka kunna lasifika,
wajen mutum dubu 17 take ɗaukewa.

Ɗan Fawa:
Na ji ɗan uwa, kuma Yaya na karɓi matan hannu biyu, sai dai har yanzu da saura a raina.

Ban ƙi kiɗa ba, rufin ya tsira na gode,
sai dai sunan mai zane kaɗai ake kirawa.
Masu kora da wanki da masu fiɗa da asuba,
su ma da guminsu unguwar Gerland ta yi ƙaruwa.

Yaya Babba:
To ai shi ma Garnier ɗin bai ga ko ɗaya cikin wannan shagalin ba, ya rasu tun 1948.

Shi dai haske da iska ya nema wa dabba,
da tsabtar nama don lafiyar kowa.
Shekara 40 bayan ya kwanta dama,
aka fara sayar da tikiti a ƙofar shigowa.

Mai Garaya kai muke jira, baitinka bai ce komai ba kan mahautan da ƙanena ke tambaya.