Yaushe ya halatta a ba majinyaci ƙwayar da ba magani a cikinta lokacin gwaji?

Ɗalibar Jinya:
Salamu alaikum. A gwajin sabon magani akan raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha maganin, wasu su sha filasibo, wato ƙwaya mai kama da shi amma ba komai a cikinta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, likitan da ya san mutum ba shi da lafiya, ta yaya zai yarda a hana shi magani? Ina iyakar abin take?

Mai Harhaɗa Magani:
Wa alaikumus salam, Malama. Iyakar tana cikin Sanarwar Helsinki da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, aka kuma sabunta ta daga baya. Idan akwai maganin da aka tabbatar yana aiki, da shi ake gwada sabon. Filasibo sai in cutar ba ta da ingantaccen magani, ko kuma akwai ƙwaƙƙwaran dalili na kimiyya kuma jinkirin ba zai jawo babbar illa ko wadda ba ta gyaruwa ba. Ciwon kai na 'yan kwanaki daban, sanƙarau ko tarin fuka daban.

Akwai hanyar tsakiya da aka fi bi a gwajin maganin farfaɗiya: kowa ya ci gaba da maganinsa na yau da kullum, sai a ɗora wa rabi sabon, rabi filasibo. Ba wanda aka bari haka kawai.

Likitan Yara:
A takarda abin da sauƙi, amma dubi rikicin AZT, wani maganin ƙwayar cutar ƙanjamau. A 1994 gwajin da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna maganin yana rage yaɗuwar ƙwayar cutar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri daga kusan kashi 25 cikin 100 zuwa kashi 8. Sai dai tsarin na da nauyi: uwa ta sha sau biyar a rana na tsawon makonni, a yi mata ƙarin ruwa da maganin lokacin naƙuda, jariri ya sha na mako 6. Ƙasashe matalauta ba su iya ɗauka ba, sai aka gwada gajeren tsari a Tailan da wasu ƙasashen Afirka, aka kwatanta shi da filasibo. A 1997 aka yi ca a kan masu binciken: an san akwai magani, an bar wasu jarirai ba kariya. Su kuma suka ce ba don gwajin ba matan ba za su sami komai ba, kuma filasibo ya fi saurin ba da amsa. Gwajin Tailan ya nuna raguwar kusan rabi a 1998.

A ganina hujjarsu ba ta gamsar ba. Talauci ne ya hana matan magani, kuma mai binciken da ya zo da kuɗin gwaji yana da halin sayen sa. Ana iya kwatanta gajeren tsarin da dogon, ko da za a buƙaci mata da yawa da ƙarin lokaci.

Ɗalibar Jinya:
To Likita, idan ana tsakiyar gwaji aka ga sabon ya fi fa?

Likitan Yara:
Shi ya sa ake kafa kwamitin sa ido wanda ba ya ƙarƙashin masu binciken. Shi ke buɗe sakamako a matakan da aka tsayar tun farko, misali idan rabin mahalarta sun kammala, kuma yana da ikon ba da shawarar a dakatar. Haka aka tsayar da gwajin 1994 kafin wa'adinsa, aka ba kowa AZT.

Mai Harhaɗa Magani:
Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin neman amincewa. Majinyata da yawa suna sa hannu da tunanin likita ya zaɓa musu abin da ya dace da su, alhali ƙuri'a ce. A sa mutum ya maimaita da bakinsa: zai iya faɗawa rukunin filasibo, kuma zai iya fita ko yaushe ba tare da an rage masa kulawa ba. Wanda bai iya karatu ba ya dangwala a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken.