Tsarabar Sallah ga yara: na kara da yumɓu ko na roba?

Yaya Babba: Salamu alaikum. Sallah ta matso, ina da shawara. Bana kada kowa ya saya wa yaran gidan nan kayan wasan roba. Bara motoci da bindigogin da aka raba musu ba su kai Sallah da kwana uku ba suka farfashe, suka ƙare a kwatar ƙofar gida tare da ledoji. Mu koma motar kara, 'yar tsanar ƙyalle, da 'yan tukwanen yumɓu. Abin da aka yi da kayan da Allah ya halitta ba ya cutar da yaro. Wannan ce maganata.

Kawu: Wa alaikumus salam. Niyyarki mai kyau ce, amma ki duba halin yaro. Ranar Sallah zai fita ya ga sa'o'insa da mota mai fitila da jiniya, shi kuma ya ja kara da zare? Kuka za ki saya masa. Kuma wa ke ƙera motar kara a cikin gari yanzu? Karan ma sai an aika ƙauye.

Auta: Kawu, ni ina bayan Yaya. Ba fashewa kaɗai ba ce matsalar. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda an sami dalma a fentinsu, wasu saboda ƙananan maganaɗisun da ke ɓallewa yara su haɗiye. Babban kamfani ke nan mai suna da adireshi. Ina ga wanda ake zubawa a baro, babu sunan wanda ya yi, babu shekarun yaron da ya dace da shi?

Anti Nas: Na yarda da rabin maganar Yaya, rabi kuwa ba zan iya yin shiru a kai ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali a kayan kasuwa shi ne ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Sai bindiga mai harba ƙwallayen roba, wadda ke tsiyayar da ido. Waɗannan biyu kam a hana.

Amma cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa, a'a. Dalma ma daga ƙasa take. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Don haka in za a ɗebo yumɓu, a san inda aka haƙo shi. Ga idon zakara, jan ƙwayar nan mai baƙin ɗigo da ake zubawa a caki ko a yi wa 'yar tsana ido da ita: guba ce mai kisa in yaro ya tauna. Haka 'ya'yan zurma. Har tozalin dutse da za a rambaɗa wa jarirai ranar Sallah, da yawansa dalma ce.

Goggo: Ke 'yar nan, tsaya. Da tozalin nan aka rene mu, da shi na reni iyayenku. Wa ya makance a cikinku? Kada boko ya sa ku raina abin da kuka gada.

Anti Nas: Allah ya huci zuciyarki, Goggo, ba raini ba ne. Dalma ba ido take fara taɓawa ba, ƙwaƙwalwa take ci a hankali. Yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa, ta shiga jini. Ba zazzaɓi, ba ƙurji, sai dai a ga karatu yana yi masa nauyi a ce ba shi da kai. A 2011 an gwada jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston na Amurka aka ga dalma ta yi yawa. Da aka bincika, tozalin da aka kai masa daga gida ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na garin dalma ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya illa.

Goggo: To na ji. Amma ni ban gamsu a ce duka tozali ɗaya ba ne.

Anti Nas: Ba duka ba, Goggo. Sai dai da ido ba a bambance su, shi ya sa nake roƙon a ɗaga wa jarirai ƙafa.

Malama: Bari in shigo ta wajen kayan zane, tunda da yara nake wuni. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ce, kuma tana zane a takarda sarai. Ku jiƙa zoɓo da kauri ku sami ja, ku dama kurkum ku sami rawaya, lalle ya ba ku ruwan ƙasa. Ku kwaɓa fulawa kofi biyu da gishiri kofi ɗaya da ɗan ruwa, ga abin mulmula shanu da tukwane, amma a sa ido kada ƙanana su ci, gishirin ya yi yawa. Na ga yaron da ba ya iya zama minti biyar ya duƙufa kan fere ɓargon kara yana haɗa tayoyi da ƙaya, harshe a waje, har aka tashi bai sani ba. Abin da hannunsa ya ƙera ba ya jefar da shi. In kuma za ku sayi fensir mai kala ko fentin ruwa a shago, ku ɗauki mai sunan kamfani da aka rubuta don yara ne. Ragowar fentin gini ko na mota kuwa kada a shafa wa motar katako.

Kawu: Malama, wannan aikin makaranta ne. Ni maganar ranar Sallah nake yi. Ƙwallon roba me ta yi? Tana shekara ana bugawa.

Yaya Babba: Ƙwallo ban ƙi ba, Kawu, abin da ke daɗewa ba shi ke toshe kwata ba. Amma ina nan kan bakana game da tarkacen baro. Zan sa kafinta ya yanko mana guntayen katako ya goge su sumul, ba fenti, masu girman da ba za su shige bakin ɗan ƙasa da shekara uku ba. Tela kuma ya ajiye mana ƙyallayen ɗinkin Sallah don 'yan tsana, a ɗinka idon da zare.

Kawu: Ni dai nawa jikokin zan saya musu mota. Zan duba wadda aka ɗaure murfin batirinta da ƙusa, bindiga kuwa na haƙura.

Auta: Ni zan kawo karan daga gona ranar Juma'a. Malama, ki zo ki nuna wa manyan yadda ake haɗawa, wuƙar kuma ta zauna a hannunki.